Ƙuri'a 21 da ta koma 18: darasi daga majalisar dattawan jahar Teksas

Duk lokacin da aka tayar da zancen majalisa a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, gardama ba ta wuce abu biyu: kujera nawa za a yi, kuma nawa za a biya mai kujera. Da wuya a ji wanda ya tambayi yadda takarda ke tafiya daga hannun wanda ya rubuta ta har ta zama dokar da za ta tare ɗan kasuwa a bakin duwan, ko ta taɓa albashin malamin lakwal a ƙarshen wata. Alhali kuwa a cikin wannan tafiyar ne ake cutar talaka ko a tsare masa haƙƙinsa. Majalisar dattawan jahar Teksas, a ƙasar Amurka, ta isa misali a kan haka, domin tana da ƙa'idodin aiki masu kyau da suka daɗe, kuma an ga yadda masu rinjaye suka kwance ɗaya daga cikinsu da rana tsaka, ba tare da sun taɓa ko baƙi ɗaya na tsarin mulki ba.

Gidan da mai gidan

Mutanen Teksas sun haura miliyan 30 tun 2022, wato jaha guda ta fi Nijar yawan jama'a. Majalisar dokokinta, da ke birnin Ostin, zaure biyu ce: na wakilai mai kujera 150, da na dattawa mai kujera 31. Kowane sanata yana wakiltar mutum kusan miliyan ɗaya, wa'adinsa shekara 4. Tsarin mulkin jahar, wanda aka amince da shi a 1876, mutanen da ba su yarda da gwamnati ba ne suka tsara shi, shi ya sa suka ɗaure majalisar da igiya gajera. Ba ta zaman dokoki na al'ada sai sau ɗaya cikin shekara biyu, daga Talata ta biyu ta watan Janairu, kuma zaman ba ya wuce kwana 140. In wani abu ya taso bayan haka, gwamna kaɗai ke da ikon kiran zama na musamman, na kwana 30, kuma shi ke faɗin abin da za a tattauna. Albashin sanata dalar Amurka 600 ne a wata, ban da kuɗin guzuri na kwanakin zama.

Mai jagorancin zauren ba sanata ba ne. Mataimakin gwamna ne, wanda jama'ar jahar ke zaɓa da ƙuri'arsa dabam da ta gwamna, har yakan yiwu su fito daga jam'iyyu biyu. Tsarin mulki bai ba shi abu mai yawa ba: ya shugabanci zama, ya raba gardama in ƙuri'u sun yi daidai. Sauran ƙarfinsa duka daga dokar cikin gida yake fitowa, wadda sanatoci ke amincewa da ita a farkon kowane zama. Ita ce ta ba shi ikon naɗa ƴan kwamitoci da shugabanninsu, da zaɓen kwamitin da kowane daftari zai je, da ba wanda ya ga dama izinin magana. Saboda haka ne masana siyasar jahar da dama ke cewa ya fi gwamna ƙarfi. Sanatoci 16 sun isa su rage masa wannan iko a rana ɗaya, amma wanda ke neman shugabancin kwamiti ba ya ɗaga wa mai rabo murya.

Tafiyar daftari

Sanata yakan ajiye daftarinsa wurin sakataren majalisa, a ba shi lamba. Yana da kwana 60 na farkon zama ya yi haka. Bayan nan ƙofa ta rufe sai da yardar kashi 4 cikin 5 na zauren. Tsarin mulki ya ce daftari ya tsaya kan batu guda, in ban da na kasafin kuɗi, don kada a ɓoye harajin gishiri a cikin dokar gyaran hanya. Ya kuma ce duk daftarin ƙarin haraji daga zauren wakilai zai fara, dattawa sai dai su gyara ko su ƙi.

Karatu na farko ba ya ɗaukar minti guda: a karanta kan daftarin, a faɗi kwamitin da aka tura shi. A kwamiti ne aikin yake. Dokar zauren ta hana fitar da daftari daga kwamiti sai an yi masa sauraren jama'a a fili, bayan an lika sanarwa awa 24 kafin lokaci. Kowane ɗan jaha, manomi ko mai kanti ko ma'aikacin asibiti, yana iya rubuta sunansa, ya zauna gaban sanatoci, ya faɗi ra'ayinsa cikin ƴan mintoci, kuma maganarsa ta shiga rajista. Sanatan da ya ga ana neman a yi masa shigo-shigo ba zurfi yana da ikon ya nemi a ba shi sanarwa a rubuce awa 48 kafin a saurari daftarin. Haka nan duk daftarin da zai ci kuɗin jaha yana tafe da takardar lissafi daga ofishin kasafi na majalisa, mai nuna abin da zai ci a shekaru masu zuwa.

Yawancin daftarori a nan suke mutuwa, kuma ba a jefa musu ƙuri'a ba. Shugaban kwamiti ya ƙi sa musu rana, shi ke nan. A zaman 2023 zaurukan biyu sun karɓi daftari fiye da 8,000, waɗanda suka tsallake ba su wuce kimanin 1,200 ba.

Wanda ya tsira daga kwamiti sai ya je zaure don karatu na biyu, inda ake muhawara da gyare-gyare, sannan karatu na uku da ƙuri'ar ƙarshe. Tsarin mulki ya ce a yi karatun ukun a ranaku uku dabam-dabam, sai in kashi 4 cikin 5 sun yarda a ɗage sharaɗin. Tun 2007 kuma wajibi ne a rubuta sunan kowane ɗan majalisa da abin da ya zaɓa a ƙuri'ar ƙarshe, don kada wani ya koma gida ya ce ba ya cikin waɗanda suka yi. Daga nan daftari ya ƙetara zauren wakilai ya sake bin irin wannan hanya. In zaurukan sun saɓa, kowanne ya ba da mutum 5 su zauna su sasanta, kuma sai 3 daga kowane ɓangare sun sa hannu. Gwamna yana da kwana 10 ya sa hannu ko ya hau kujerar na-ƙi; in ya yi shiru, daftari ya zama doka.

Kasafin kuɗi na shekara biyu yana da wani shinge na musamman tun 1942. Babban ma'ajin jaha, wanda shi ma jama'a ke zaɓa, shi ke faɗin kuɗin da ake sa ran za su shigo, kuma kasafin ba ya zuwa hannun gwamna sai ya shaida cewa bai wuce wannan adadi ba. Ma'aikatan Nijar da suka ga watanni suna wucewa ba albashi a shekarun 1990 sun fi kowa sanin bambancin kasafin da ke kan takarda da kuɗin da ke cikin baitulmali.

Daftarin tare hanya

Zaman kowace rana yana da jerinsa. A buga guduma, a kira sunaye, wani malamin addini da aka gayyato ya yi addu'a, a karanta saƙonnin gwamna da na zauren wakilai, a yi wa baƙi maraba, a tura sababbin daftarori kwamiti. Sai a zo kan jerin aiki, inda doka ta ce a ɗauki daftarori bi da bi, gwargwadon yadda suka fito daga kwamiti.

A nan dabarar take. A farkon zama, akan fito da wani daftari marar muhimmanci da wuri, a ajiye shi a kan gaba, kuma ba mai niyyar taɓa shi har a tashi. Shi ne daftarin tare hanya. Tun da yana gaba, duk wani daftari da ke bayansa ba ya samun shiga sai an jingine jerin aikin, jingine jerin kuwa yana bukatar rinjaye mai kauri. Tun wajajen 1950 har zuwa 2015, wannan rinjaye kashi 2 cikin 3 ne, wato sanata 21 in kowa ya hallara. Ma'anarsa ita ce sanata 11 sun isa su hana a ko buɗe muhawara. Mai daftari dole ya bi abokan aikinsa kujera-kujera, ya rage nan, ya ƙara can, har ya haɗa 21, sannan ya sanar da shugaban zaure cewa lissafinsa ya cika.

Wannan ƙa'ida ba jam'iyya ɗaya ta amfana ba. Lokacin da ƴan Dimokurat ke riƙe da jahar, ita ce garkuwar ƴan Ripablikan. Da rinjaye ya juya a 1997, ta zama garkuwar ƴan Dimokurat. Sanatocin karkara na kowane ɓangare sun fake da ita daga rinjayen manyan birane irin Hustan da Dalas.

Marasa rinjaye suna da wasu makamai biyu. Na farko shi ne ƙaurace wa zama, domin tsarin mulki ya ce zama ba ya halatta sai kashi 2 cikin 3 na nan. A watan Mayu 1979 sanatoci 12 sun ɓuya kusan kwana 5, ƴan sanda suna nemansu bisa umurnin mataimakin gwamna Bill Hobby, har aka janye daftarin zaɓen fidda gwani da suke ƙi. Na biyu shi ne cinye lokaci da magana. Sanata yana iya riƙe izinin magana muddin yana tsaye, bai jingina ba, bai ci ba, bai sha ba, bai fita ba, bai kuma kauce wa batu ba. Bill Meier ya yi awa 43 a haka a 1977. Wendy Davis ta yi kusan awa 11 ranar 25 ga Yuni 2013, a ranar ƙarshe ta wani zama na musamman, har sha biyun dare ta wuce ba a kammala ƙuri'a ba. Gwamna Rick Perry ya sake kiran zama, dokar ta wuce a watan Yuli. Wato makamin yana jinkirtawa ne kurum, yana ba jama'a lokacin su ji abin da ake ciki.

Yadda aka sassabe shingen

An fara ne da keɓewa. A 2003 mataimakin gwamna David Dewhurst ya ajiye ƙa'idar 21 domin a sake shata mazaɓun majalisar tarayya. Sanatoci 11 suka tsallaka zuwa jahar Niyu Meksiko, suka yi fiye da wata guda, ɗayansu ya gaji ya komo, taswirar ta wuce. A 2009 aka sake keɓe dokar nuna katin shaida wurin zaɓe. Tun daga nan kowa ya gane cewa shingen yana tsaye ne a kan ƙananan abubuwa, in babban abu ya zo sai a ɗaga shi.

A 2007 wani sabon sanata, Dan Patrick, ya nemi a soke ƙa'idar gaba ɗaya, aka kayar da shi da ƙuri'a 30 da 1. Bayan shekara 8 sai ga shi a kujerar mataimakin gwamna. A watan Janairu 2015 jam'iyyarsa tana da kujera 20, saura ɗaya ta cika 21, sai aka mayar da ƙa'idar kashi 3 cikin 5, wato 19. A zaɓen 2020 kujerunta suka sauko 18, sai a Janairu 2021 aka mayar da ƙa'idar kashi 5 cikin 9, wato 18 cif. Babu littafin lissafin mulki da ya san kashi 5 cikin 9. An duba yawan kujerun da ke hannu ne, aka yanka rigar daidai wuyan mai ita.

Masu goyon bayan sauyin suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Sun ce jama'a sun zaɓe su ne su yi aiki, bai kamata mutum 11 su ɗaure hannun 20 ba. Sun ce tsohuwar ƙa'ida tana mayar da ciniki bayan labule, domin kafin daftari ya iso zaure an riga an gama magana, muhawarar fili ta zama wasan kwaikwayo. Sun ce tana ba matsoraci mafaka: ya hana daftari shiga a ɓoye, ya fito ya ce wa mazaɓarsa yana goyon bayansa. Duk wannan akwai gaskiya a ciki, kuma da an tsaya an yi gyara sau ɗaya, da adadin da zai hau kan kowa ko wa ya ci zaɓe, da babu abin zargi. Abin da ya ɓata hujjar shi ne maimaitawa. Ƙa'idar da ke sauka duk lokacin da mai rinjaye ya rasa kujera ta daina zama ƙa'ida, ta zama ra'ayin mai rinjaye da aka ba lamba. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ranar da rinjaye ya sake juyawa a Teksas, sababbin masu gida za su tarar da hanya a share, kuma ba wanda zai sami bakin yi musu wa'azi.

Abin lura shi ne abin da ya tsira da abin da ya faɗi. Kwana 140 na nan. Sharaɗin kashi 2 cikin 3 kafin zama ya halatta na nan. Batu guda ga kowane daftari, da shaidar ma'aji a kan kasafi, duk suna nan, saboda suna cikin tsarin mulki, kuma ba a gyara shi sai kashi 2 cikin 3 na zaurukan biyu sun yarda, jama'a kuma sun amince a zaɓen raba gardama. Wanda ya faɗi shi ne wanda aka bari a dokar cikin gida, a hannun mutunci da al'ada.

Kada kuma a ɗauka sauran ƙa'idodin ba su da rami. A makonnin ƙarshe na zama, jingine sharaɗin ranaku uku da na sanarwar awa 24 ya zama ruwan dare, har kwamiti yakan yi zamansa a tsaye gefen kujerar shugabansa. Gwamna yana da kwana 20 bayan an tashi ya ƙi daftarorin ƙarshe, lokacin da babu majalisar da za ta mayar masa da martani. Rabon da a karya ƙin gwamna tun 1979. A 2021 gwamna Greg Abbott ya soke kasafin majalisar kanta don ya hukunta wakilan da suka ƙaurace wa zama, abin da ya jefa albashin ma'aikatanta, waɗanda ba su ci ba su sha ba, cikin haɗari kafin a mayar da shi. Ƙaramin albashin sanata ma yana da nasa aibi: mai shago ƙarami ko malamin makaranta ba ya iya barin sana'arsa wata biyar, sai lauya da attajiri. Dokar jahar kuma ba ta sa iyaka ga kuɗin da mutum zai ba ɗan takarar majalisa ba, sai dai ta hana karɓa a lokacin zama.

Abin da ya shafi Nijar

Nijar ta taɓa rubuta majalisar dattawa a takarda. Tsarin mulkin da shugaba Mamadu Tanja ya kawo da zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta 2009 ya tanade ta, kashi ɗaya cikin uku na ƴaƴanta shugaban ƙasa ke naɗawa. Ba ta zauna ko sau ɗaya ba, juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 ya tafi da ita. Senegal ta soke tata a 2012, Muritaniya a 2017. Darasin Teksas bai ce a ƙara zaure ba. Zaure na biyu da mai mulki ya cika da mutanensa ƙarin kashe kuɗi ne kawai. Darasin yana kan jerin aiki da wanda ke riƙe da shi.

A 1995 gwamna George W. Bush, ɗan Ripablikan, ya tarar da mataimakin gwamna Bob Bullock, ɗan Dimokurat, a kan majalisar dattawa, suka yi shekara 4 suna aiki tare, domin kowannensu ya san inda ikonsa ya tsaya. A wannan shekarar ce shugaba Mahaman Usman da faraminista Hama Amadu suka shiga zaman doya da manja a Yamai. Babban abin da suka yi ta ja a kai shi ne wa ke kiran taron ministoci, wa ke tsara abin da za a tattauna, wa ke naɗa wa. Tsarin mulkin 1992 bai warware waɗannan ƙananan tambayoyi sarai ba, sojoji suka warware su ranar 27 ga Janairu 1996.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rufe majalisar da aka zaɓa. Duk ranar da aka zauna rubuta sabon tsari, ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ma'aikata suna da abin nema wanda ya fi yawan kujeru amfani. Su nemi kada dokar lanho ko ta duwan ta fito daga kwamiti sai an saurari jama'a a fili, bayan sanarwa mai wa'adi. Su nemi kowane daftari ya zo da lissafin abin da zai ci, daga ofishin da ba minista ke juya shi ba. Su nemi a buga sunan kowane ɗan majalisa da abin da ya zaɓa, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a karanta a rediyo. Su nemi a hana cusa batu biyu cikin doka ɗaya. Sama da duka, su nemi a rubuta haƙƙin marasa rinjaye cikin tsarin mulki da kansa, kuma duk gyaran da majalisa ta yi wa dokar cikin gidanta kada ya fara aiki sai a majalisa mai zuwa, lokacin da mai gyaran bai san ko a wane ɓangaren zaure zai zauna ba.

Za a ce wannan zai kawo jinkiri, kuma gaskiya ne zai kawo. Amma ɗan kasuwar da ya wayi gari ya tarar an sauya masa kuɗin fito cikin dare, kayansa na kan hanya tsakanin Kotonu da Gaya, ya san abin da gaggawa ke ci. Sannu ba ta hana zuwa. Teksas, da arzikinta da kotunanta da jaridunta, ta kasa tsare ƙa'idar da ta bari a hannun al'ada. Ƙasar da sojoji suka rufe majalisarta a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023 ta fi bukatar ta rubuta nata shingen a inda hannun mai rinjaye ba ya kaiwa cikin sauƙi. Allah ya sa masu rubutun su tuna da haka.